Azumin da Aka Kulle Kano, da Rasuwar Mahaifina

Na taso ina jin ƙarar keken ɗinki tun kafin in san abin da ake kira sana'a. Mahaifina tela ne, kuma a zauren gidanmu da ke cikin birnin Kano yake aikinsa, a kan wani tsohon keke na ƙafa da ya saya tun ba a haife ni ba, wanda fentinsa ya goge a daidai wurin da yake ɗora hannunsa na hagu. Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "kai" ko kuwa "yaron nan". Shi kuwa Baba, tun ina aji uku na firamare yake ce mini "Malam", domin ya ƙudurta a ransa cewa karatu zan yi. Duk da haka bai bar ni na tashi ba sana'a ba, ya koya mini awo da yanka da kalmasa da fitar da wuyan riga, yana yawan faɗa mini cewa shekarar tela wata ɗaya ce, watau watan azumi, domin da kuɗin ɗinkin sallah ake sayen hatsi, da su ake biyan bashin da aka ci tun daga damina.

Burinsa ya cika daidai gwargwado. Na sami takardar shaidar malanta, na kama aiki a wata makaranta mai zaman kanta ina koyar da lissafi, na yi aure, na kama hayar ɗaki biyu a wajen Ɗorayi, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Albashin bai taɓa kai mu ƙarshen wata ba, shi ya sa kullum bayan la'asar nake shiga cikin gari in zauna kusa da Baba in taya shi aiki, shi yana yanka ni ina haɗawa, musamman da ciwon suga da hawan jini suka fara rage masa ƙarfin taka keke. A haka shekarar 2020 ta same mu, ba mu da tarin dukiya, amma ba mu taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba.

Labarin korona ya fara zuwar mana ne ta bakin 'yan Kantin Kwari masu zuwa ƙasar Sin saro kaya, waɗanda suka ce an daina tafiya kuma yadi zai yi tsada. Da aka ce an sami mutum na farko da cutar a Legas a ƙarshen watan Fabrairu, kuma Bature ne ɗan Italiya, sai muka ƙara tabbatar wa kanmu cewa ciwon masu hawa jirgi ne. Abin da ya fara girgiza Baba shi ne hoton Ka'aba da na nuna masa a waya, fili fetal babu mai ɗawafi, bayan an dakatar da Umra. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne." Ni kuwa na ce masa tsoro ne kawai irin na hukumomi, zai wuce.

Ranar 23 ga Maris aka rufe makarantu. Mai makarantarmu ya tara mu ya gaya mana gaskiya, cewa iyaye da yawa ba su gama biyan kuɗin zangon ba, kuma idan babu kuɗin makaranta to babu albashi, ya ba kowannenmu rabin na watan Maris ya sallame mu. Ban zarge shi ba a lokacin, yanzu ma ban zarge shi ba, domin shi ma haya yake biya. Bayan kwanaki kaɗan aka rufe iyakokin jihar, sa'an nan Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano, kuma daga ƙarfe goma na daren Alhamis 16 ga wata dokar kulle da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa ta fara aiki, aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci, aka hana 'yan adaidaita sahu fita. An ce kwana bakwai ne. Na tattara abin da ya rage a hannuna na sayi kwano biyu na shinkafa da kwano uku na masara da ɗan wake da man ja, na yi lissafi irin na malamin lissafi, na ga za su kai mu kwana goma idan an yi tattali.

Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san irin zafin da ake yi, kuma a cikin wannan zafin aka ce mutum biyar su zauna a ɗaki biyu masu rufin kwano, babu wutar lantarki, babu famfo. Rediyo yana ta nanata cewa a riƙa wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudana, alhali mu ruwanmu daga kurar 'yan ga-ruwa yake zuwa, su kuma dokar ta hana su yawo, wanda ya yi ƙundunbala ya fito sai ya ninka kuɗin jarka. Gidan da muke haya iyali huɗu ne a cikinsa, banɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya, don haka maganar ba da tazara ta zama kamar ana yi da wasu mutane ne a wata ƙasa. Maƙwabcina direban adaidaita ne, abin da ya samo da rana shi ake ci da dare, kuma a kwana na huɗu na ji 'yarsa ƙarama tana kuka har muryarta ta dushe. Matata ta ɗebi masara ta miƙa musu ta bayan labule, lissafina na kwana goma ya koma bakwai.

A wannan halin ne na shiga sahun masu cewa babu korona, kuma ina so in faɗi yadda abin ya kasance ba tare da na wanke kaina ba, domin ni ba jahili ba ne, na san abin da ake nufi da ƙwayar cuta, har na taɓa zana ta a allo. Ban yi nazarin wata hujja na ga ta gaza ba. Abin da ya faru shi ne na ji haushin dokar, sai haushin ya zarce zuwa kan dalilin kafa ta. Na ga an rufe masallacin unguwa da shagon mai shayi, ban ga an kawo wa kowa ƙwayar hatsi ba, sai zuciyata ta raya mini cewa duk wanda ya iya yi mana haka zai iya yi mana ƙarya. Da dare mukan zauna a ƙofar gida mu kusan goma a kan tabarma ɗaya, kowa na kawo nasa labarin, wannan ya ce gwamnoni ne ke neman kuɗin tallafi, wancan ya ce zafin Kano ba zai bar wata ƙwayar cuta ta rayu ba, idan an waiwayo ni a matsayina na mai ilimin boko sai in gyaɗa kai in ƙara da nawa. Ko da aka sanar da rasuwar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, abin da muka ce shi ne, ai ga shi nan, dama ciwon manya ne.

Da abinci ya kusa ƙarewa na yanke shawarar fita. Titi ba ya biyuwa saboda shingayen jami'an tsaro da kotunan tafi-da-gidanka da ke cin tarar masu karya doka, amma wanda aka haifa a cikin birni ya san lungunan da mota ba ta shiga. Ina fita bayan sallar asuba, in yi tafiyar fiye da awa guda a ƙafa, in iske Baba a zaure ƙofa a saye. Ɗinkin sallah bai shigo kamar yadda aka saba ba, amma wani aiki ya samu, domin an fara matsa wa mutane su sa takunkumi, kuma wani ɗan kasuwa ya ce zai sayi duk abin da muka ɗinka. Muka zazzage buhunan ƙyallayen atamfa da shadda da Baba ya shekara yana tarawa, yana yanka su murabba'i, ni ina ninkawa ina sa roba. Na ɗinka ɗaruruwa da hannuna, amma ban rataya ko ɗaya a fuskata ba sai idan zan wuce ta kusa da shinge.

Ana gobe za a ɗauki azumi aka sassauta dokar na yini guda domin mutane su yi sayayya. Ban taɓa ganin cinkoso irin na ranar ba, kamar dukan mutanen Kano sun fito a lokaci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, numfashin wani a kan wuyanka, kowa yana rige-rigen gero da sukari da tsamiya kafin dare ya yi. Na yi awa huɗu a cikin wannan turmutsitsin ina kai takunkumi ina karɓar kuɗi ina sayen abinci, na koma gida ina jin daɗin cewa yarana za su sha kunu a daren farko. Ranar Juma'a 24 ga Afrilu aka tashi da azumi, babu tafsiri a masallatai sai a rediyo, babu asham cikin jam'i, ladan yana kiran salla yana ƙarawa da cewa a yi salla a gida. Ranar 27 ga wata shugaban ƙasa ya ƙara wa Kano mako biyu na cikakken kulle, saboda a lokacin maganar yawan mace-mace a birnin ta riga ta cika ƙasa.

Mu a zaure mun ga alamar tun kafin a faɗa a rediyo. Baba yana cikin waɗanda ake kawo wa farin yadi su yanka likkafani a unguwar, ba ya karɓar ko kwabo a kan haka, kuma a makon nan sallama ta yi yawa a ƙofa. Wata rana bayan ya naɗe na uku ya ajiye almakashi ya ce, "Malam, shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa yanka likkafani uku tsakanin hantsi da la'asar ba." Yawancin mamatan sa'o'insa ne, dattawa masu suga ko hawan jini, kuma kowace jana'iza sai ya je, domin a ganinsa rashin zuwa cin amanar zumunci ne. A cikin kwanakin ne aka rasa manyan mutane a jere, irin su Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano, ga kuma wurin gwajin cutar da ke birnin an rufe shi na wasu kwanaki, don haka mutane suna mutuwa ana binnewa babu wanda ya san sunan abin da ya kashe su. Da Baba ya tambaye ni ra'ayina, sai na maimaita masa abin da na ji wasu na faɗa, cewa zafi ne da zazzaɓin cizon sauro da kuma rufe asibitoci masu zaman kansu da ya hana masu ciwo ganin likitocinsu. Akwai gaskiya a cikin wannan bayanin, amma na faɗe shi ne domin in rufe maganar.

Wajen kwana biyar da fara azumi zazzaɓi ya kama ni, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da ɗan tari. Na aika aka sayo mini maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, na kwanta yini biyu, a rana ta uku na ji dama-dama na koma aiki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ranar da matata ta kaɗa miyar kuka da daddawa, ƙanshin da a da tun daga ƙofar gida nake jin sa, na sunkuyar da kaina a kan kwanon ban ji komai ba, na kai loma bakina kamar ina tauna auduga. Na ɗauko kwalbar turare na shinshina, shi ma babu. A lokacin mutane da yawa a unguwa suna irin wannan ƙorafin, ana cewa wani sabon zazzaɓi ne mai ɗauke ƙanshi, ni ma na karɓi wannan suna na huta. Na ci gaba da zama da Baba gwiwa da gwiwa a zauren da ba shi da taga, ranar da yamma ta yi mini kuma tare muke buɗa-baki, mu sha kunu da ludayi ɗaya, mu sa hannu a kwano ɗaya kamar yadda muka saba tun ina yaro.

Bayan kamar mako guda Baba ya kwanta. Da farko zazzaɓi ne da kasala, muka ba shi irin maganin da na sha, mahaifiyata ta dafa masa tazargade da lemun tsami ya yi surace, ya ƙi ajiye azumi sai da na roƙe shi. Asibitin da yake zuwa duba suga a rufe yake tun farkon kullen. A dare na biyar ƙanena ya kira ni ya ce numfashin Baba ya canza, na taho a guje ta cikin lunguna, na same shi an jingina shi da bango, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri kamar wanda ya yi tsere, ba ya iya haɗa kalma uku sai ya tsaya. Na kira lambobin da ake sanarwa a rediyo har sau nawa ban san adadi ba, wata ba ta shiga, wata tana ƙara ba a ɗauka. Maƙwabcin nan nawa mai adaidaita, wanda matata ta ba masara, shi ne ya fito da kekensa cikin daren ya zo, bai tambayi ko sisi ba.

Mun bi ta shinge uku. A biyu daga ciki da suka haska fitila suka ga halin da tsohon yake ciki suka ɗaga mana katako ba gardama, a na ukun sai da muka ɓata lokaci muna roƙo. Asibiti na farko maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce babu likita. A na biyu wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta tsaya daga nesa, ta tambayi alamomin ciwon, da na ambaci sarƙewar numfashi sai na ga ta ja da baya, ta ce ba su da kayan kariya kuma ba su da iskar oksijin, mu tafi babban asibiti. Na ɗaga mata murya a daren, na faɗi maganganun da nake nadamarsu, daga baya na sami labarin yawan likitoci da ma'aikatan jinya da suka kamu a Kano a makonnin, na gane cewa ita ma uwar wasu ce da take tsoron abin da za ta kai gida. A wuri na uku aka ce mu jira, muka jira a cikin keken, kan Baba a kafaɗata. Wajen ƙarfe uku ya kama hannuna ya matse ya ce, "Malam, mai da ni gida." Na ce, "Baba, a ƙara haƙuri kaɗan." Ya girgiza kai ya sake cewa, "Gida." Muka juya. Ya cika bayan an idar da sallar asuba, a ɗakinsa, mahaifiyata tana riƙe da ƙafafunsa, ni ina laƙƙana masa kalmar shahada.

Ni na yanka likkafaninsa da almakashinsa. Mutanen unguwa suka cika ƙofar gida duk da dokar, aka yi masa salla, aka ɗauki makara zuwa maƙabartar Ɗandolo. Abin da na gani a can ba zai bar idona ba: sababbin kaburbura jere-jere ƙasarsu ba ta bushe ba, masu haƙa sun jiƙe sharkaf da gumi ga azumi a bakinsu, makara biyu a gabanmu suna jiran a gama nasu ramin, wata kuma tana shigowa a bayanmu. Wani dattijo cikin masu haƙar ya ce da ni tun safe ba su zauna ba. Ƙanwata da ke aure a Zariya ba ta sami zuwa ba saboda an hana tafiya tsakanin jihohi, ta waya ta yi kukanta, kuma sai bayan kusan wata biyu ta taka gidan. Mun yi zaman makoki na kwana uku kamar yadda aka saba, ana musabaha ana rungumar juna, ni ma ban ga aibun haka ba a lokacin.

An yi sallah ranar Lahadi 24 ga Mayu, an bar mutane sun je idi amma babu hawan sallah, gari ya yi tsit kamar ba Kano ba. Kafin ranar na buɗe littafin awon Baba domin in ƙarasa 'yan ɗinkunan da ya karɓa, kowane shafi da sunan mai kaya da tsawon riga da faɗin kafaɗa da abin da aka bayar na kafin alƙalami, cikin rubutunsa na ajami. Kaya goma sha ɗaya na samu, na ɗinke su duka, na bi gida-gida ina kaiwa. A gida biyu na tarar masu kayan sun riga mu gidan gaskiya a cikin watan, 'ya'yansu suka karɓi kaftanin da ba za a sa ba, muka yi wa juna ta'aziyya a tsaye.

A cikin watan Yuni ina zaune a zaure na ji a rediyo Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, yana bayyana sakamakon binciken da aka yi a kan mace-macen Kano, cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona, yawancinsu tsofaffi masu wani ciwon dama. A wannan lokacin na riga na ji likitoci suna bayanin cewa ɗaukewar ƙanshi da ɗanɗano na cikin alamomin cutar. Na tsayar da keken, na fara ƙirga kwanaki da yatsuna, daga ranar cinkoson kasuwa zuwa zazzaɓina, daga zazzaɓina zuwa kwanciyar Baba, lissafin ya fita daidai ta hanyar da ban so ba. Na yi makonni ba na barcin kirki, duk sanda na rufe ido sai in ga ludayin nan yana zagawa tsakanina da shi.

Na kai maganar wurin wani likita da muka yi makaranta tare, ya saurare ni har na gama, ya ce tunda ba a gwada ni ba kuma ba a gwada Baba ba, babu wanda zai iya yanke hukunci, kuma mutumin da ya halarci jana'iza fiye da goma a mako biyu yana da ƙofofi da yawa da ciwon zai iya shigo masa. Amma bai ɓoye mini ba cewa abin da nake zargi mai yiwuwa ne. Na kai ta wurin malamin da nake ɗaukar karatu a gabansa, ya tuna mini hadisin da ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita, da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce yana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Na san waɗannan tun ina yaro, amma a watan Afrilu ko sau ɗaya ba su faɗo mini a rai ba, domin yunwa da fushi sun riga sun cika wurin. Wadda ta fi yi mini wuyar tunkara ita ce mahaifiyata. Na same ta a ɗakin takaba na durƙusa na faɗa mata komai, ta yi shiru mai tsawo tana jan carbi, sa'an nan ta ce, "Kai, kwanansa ne ya ƙare. Abinci ka fita nema wa 'ya'yanka, ba yawo ka je ba. Kada in ƙara jin wannan magana." Na yi mata biyayya ban ƙara tayar da ita a gabanta ba, ko da yake a raina ba ta mutu ba.

Har yau ina ganin an zalunci talakan Kano a yadda aka gudanar da kullen. Tallafin da ya iso layinmu a tsawon watannin bai wuce 'yan kwanukan hatsi da aka raba wa gidaje masu yawa ba, gidanmu na haya mai iyali huɗu ya tashi da abin da bai kai girkin yini biyu ba. Na ga an kwashi almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu a tsakiyar annoba, daga baya aka sami masu ɗauke da cutar a cikinsu. A watan Oktoba kuma, da aka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, na ga hotunan buhunan abincin tallafi jibge har rufi, na tuna kukan 'yar maƙwabcina, hawaye suka zubo mini. Da an haɗa dokar da abinci da ruwa, da an bar asibitoci a buɗe an ba ma'aikatansu kayan kariya, da an zauna da malamai da masu unguwanni tun farko an yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, na tabbata da yawa daga cikinmu da mun zauna a gida. Sai dai duk wannan bai sauke mini nawa nauyin ba, domin babu gwamnatin da ta hana ni sa takunkumin da ke tare a gabana, kuma babu wadda ta tilasta mini shiga zauren tsoho mai ciwon suga da zazzaɓi a jikina.

An ɗage kullen gaba ɗaya a farkon watan Yuli, makarantu kuma suka koma a watan Oktoba, bayan na yi fiye da wata shida babu albashi. Ajina ya dawo da gibi, wasu yaran an mayar da su makarantar gwamnati saboda iyayensu sun karye, wasu sun kama tallace-tallace, wata yarinya da ta fi kowa iya lissafi an yi mata aure a cikin hutun. Na ƙarasa shekarar karatun, sa'an nan na rage koyarwa zuwa safiya kawai, na karɓi zauren Baba gaba ɗaya, domin ɗawainiyar gida biyu ta dawo kaina.

Da allurar rigakafi ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, mutane da yawa a unguwarmu suka ƙi ta, kuma ban raina dalilinsu ba, domin Kano ba ta manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba. Ni dai na je aka yi mini, na dawo na zauna kwana uku mahaifiyata tana kallona ta ga ban mutu ba, sa'an nan ta yafa mayafinta ta ce in kai ta. Wasu daga cikin abokan zaman tabarmar nan sun yi mini ba'a, suka ce malamin da ya ce babu korona ne ya koma kai tsofaffi allura, na ce musu ni ne, kuma a gaban kowa nake janye abin da na faɗa a wancan lokacin.

Yanzu ina zaune a kan kujerar Baba, ina taka kekensa, hannuna na hagu yana sauka a daidai wurin da fentin ya goge, babban ɗana kuma yana zuwa bayan la'asar ina koya masa kalmasa. Littafin awon yana cikin akwatin keken, na ci gaba da rubutu a shafukan da suka rage. A damina da ta wuce mura mai zafi ta kama ni, na zo gaida mahaifiyata na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta da takunkumi a fuskata, na gaishe ta daga nan. Ta ɗaga labule ta dube ni ta ce, "Kai, shigo mana, tsayuwar me kake yi kamar baƙo?" Na ce, "Inna, a yi mini afuwa, sai na warke." Ta yi ɗan tsaki, ta tura jikarta ta miƙo mini kunu a wani kofi daban, na zauna a dakalin tsakar gida na sha, muna hira ta cikin labule har aka kira magariba.